Abin da ya kamata ku sani kafin ku sa Wi-Fi a gida a Gaya da Ajingi

Duk wanda zai sa Wi-Fi a gidansa a Gaya ko Ajingi, abu na farko da ya kamata ya riƙe shi ne 'yar na'urar nan da ake kira rauta ba ta ƙirƙirar intanet. Aikinta ta karɓo shi daga waje ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin da ke cikin gida. Kamar tankin ruwa ne a saman gida: komai yawan famfon da aka ja zuwa ɗakuna, idan rijiyar ba ta kawo ruwa ba, babu abin da zai zubo. Mutane da yawa sukan tashi takanas zuwa Farm Centre ko titin Beirut a Kano, su sayo rauta mai ƙahonni huɗu da tsada, su dawo gida su kunna, su ga bidiyo yana ta juyi bai buɗe ba, sai su ce an cuce su. Mafi yawan lokuta mai shago bai cuci kowa ba. Sabis ɗin kamfanin ne bai isa gidan da ƙarfi ba.

Tafiyar intanet zuwa wayarka zango biyu ce. Zango na farko daga turken sabis na kamfani zuwa rautar, ta hanyar sim ɗin da aka saka mata. Zango na biyu daga rautar zuwa wayarka, kuma wannan ɗan gajeren zangon shi ne Wi-Fi. Alamar nan mai kama da mafici da kake gani a saman fuskar waya labarin zango na biyu kaɗai take bayarwa. Tana iya cika fal alhali data ta ƙare ko turken ya mutu. Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa rabin wahalar da ke gaba.

Ta ina intanet zai shigo gidan?

A wasu unguwannin birnin Kano akwai kamfanonin da ke jawo wayar faiba har cikin gida. Ga mazaunin Gaya, Kademi, Ajingi ko Toranke, hanyoyin da ke hannu biyu ne: layin kamfanonin waya, wato MTN, Airtel, Glo da 9mobile wanda ya koma T2 a 2025, ko kuma tauraron ɗan'adam. Mafi yawan gidaje da layin waya za su fara, don haka nan za mu fi daɗewa.

Kafin ka kashe ko sisi, yi gwaji. Ari wayoyin 'yan'uwa da maƙwabta masu layi daban-daban, ka tsaya da su a tsakar gidanka, ka duba ko 4G suke nunawa ko 3G ko harafin E. Wanda ya nuna E, ka sallame shi. Sauran sai ka buɗe shafin fast.com ko manhajar Speedtest ka ga lambar da za ta fito. Kada ka tsaya ga gwajin hantsi. Turke ɗaya mutane da yawa ne ke rabon abin da yake bayarwa, shi ya sa layin da ke gudu bayan sallar asuba yakan koma rarrafe bayan isha'i, lokacin da kowa ya zauna ya buɗe TikTok da Facebook. Gwajin dare shi ne na gaskiya, domin a lokacin ne iyalinka za su fi bukata. Haka nan idan gidanka yana kusa da kasuwa, ka gwada a ranar da take ci.

Lambar da gwajin ke nunawa ana kiranta Mbps. Idan ka samu 5 a tsaye, mutum ɗaya zai kalli bidiyo mai kyau ba tare da tsayawa ba. Gida mai mutum biyar ko shida da ke amfani lokaci guda yana son 10 zuwa 20. A kula, wannan ma'aunin gudu ne, daban yake da MB ɗin data da kake saya: sai gudu ya kai Mbps 8 sannan kake sauke MB 1 a cikin daƙiƙa.

Kada shawarar aboki ta ruɗe ka. Layin da ya fi ƙarfi a bakin titin Gaya ba lallai ba ne shi ya fi a Shagogo ko Gurduba, kai ko a unguwa ɗaya ma gida da gida sukan bambanta, saboda nisan turke da inda fuskarsa ta kalla da bishiyoyi da gine-ginen da suka shiga tsakani. Maganar 5G kuwa, MTN ya ƙaddamar da shi a 2022 a birane bakwai har da Kano, Airtel ya biyo baya a 2023, amma a manyan birane aka fi girka shi. Kada ka biya kuɗin rautar 5G sai ka ga alamar 5G da idonka a cikin gidanka, a wayar da ke iya kama shi. In ba haka ba, kuɗin 5G za ka biya ka sha 4G.

Wace na'ura za ka saya?

Mafi sauƙi ita ce wayar da ke aljihunka. Kowace wayar zamani tana iya raba datarta ga wasu ta hanyar hotspot. Ga ɗalibin da ke son haɗa kwamfutarsa na awa ɗaya ko biyu, wannan ya wadatar. Amma ba a riƙon gida da shi: waya takan yi zafi, batir ya lalace da wuri, kuma da maigida ya fita da wayarsa intanet ya bi shi.

Sai MiFi, 'yar ƙarama mai batir a ciki, wadda ake sawa a aljihu. Tana da kyau ga matafiyi da mai sana'ar POS. Rauninta biyu ne: ƙarfinta ba ya nisa, kuma idan aka bar ta a jone da caji dare da rana a zafin ƙasarmu, batirinta yakan kumbura. Wadda ta kumbura kada a ci gaba da cajinta.

Ta uku ita ce rautar gida, wadda ake ajiyewa wuri ɗaya a jona da wuta. Eriyarta ta fi ta waya girma, don haka takan kama sabis a inda waya ke wahala, kuma tana ɗaukar na'urori da yawa. Ga gidan iyali, ita nake ba da shawarar a saya. A nan akwai tambaya ɗaya da lallai ka yi wa mai shago: a kulle take ko a buɗe? Wadda kamfanin waya ke sayarwa da tambarinsa ta fi araha, sau da yawa har da kyautar data, amma sim ɗinsa kaɗai take karɓa. Wadda take a buɗe ta fi tsada, tana karɓar kowane layi. Idan gwajinka ya nuna layi ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, sayi ta kamfanin. Idan layuka biyu suna kunnen doki, ko sabis ɗin garinku yau lafiya gobe ciwo, buɗaɗɗiya ta fi. Ka kuma leƙa bayanta: wadda ke da ramukan ɗaura eriyar waje ta fi dacewa da ƙauye. Ka sa a gwada ta da sim ɗinka a gabanka, domin wasu da ake shigo da su daga ƙasashen waje ba sa kama duk zangunan 4G da kamfanoninmu ke amfani da su. Akwai kuma rautar da ba ta da gurbin sim gaba ɗaya, an yi ta ne don gidan da aka jawo wa kebul. Ita kaɗai ba za ta amfane ka da komai ba.

Ta ɓangaren tauraron ɗan'adam kuwa, Starlink na kamfanin SpaceX ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Ba ruwansa da turke, faifansa sama yake kallo, don haka yana aiki har a rugar da ba sabis. Sai dai kayansa da kuɗin watansa sun fi ƙarfin yawancin gidaje, yana son fili marar bishiya a kansa, ruwan sama mai ƙarfi yakan katse shi na ɗan lokaci, kuma babban faifan yana cin wuta tsakanin wat 50 zuwa 100, ninki da yawa na rauta. Ya fi dacewa da makaranta, asibiti, cibiyar koyar da kwamfuta, ko babban gidan gandu da magidanta da yawa za su haɗa kuɗi.

Game da sim: tun Disambar 2020 doka ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Yi rajista da sunanka, kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Kuma kada ka saka layin da bankinka ke turo maka saƙo a cikin rauta. Saƙonnin da ke shigowa sim ɗin a cikin rautar suke sauka, duk wanda ya iya shiga shafinta zai karanta su.

Haɗawa

Wannan shi ne ɓangaren da mutane suka fi tsoro, shi ne kuma mafi sauƙi. Rauta tana kashe za ka saka sim a gurbinsa, ka lura da kusurwar da aka yanke. Idan tana da eriyoyi na ɗaurawa, ka murɗa su su tsaya sama. Ka jona wuta, ka jira minti ɗaya ko biyu fitilunta su daidaita. Juya ta, za ka ga takarda manne a ƙasa ko a baya. A kanta akwai sunan Wi-Fi ɗin, galibi a gaban haruffan SSID, da kalmar sirrinsa, da wasu lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ɗauki hoton takardar nan da waya tun yanzu, domin zafi da ƙura sukan goge rubutun. Buɗe Wi-Fi a wayarka, zaɓi sunan, rubuta kalmar sirrin daidai da manya da ƙananan baƙaƙenta. Idan akwai data a layin, intanet ya zo.

A nan yawancin mutane suke tsayawa, alhali saura aiki mafi muhimmanci. Lambobin nan masu ɗigo adireshin shafin sarrafa rautar ne. Rubuta su a Chrome, a inda ake rubuta adireshin shafi. Ba ya cin data, domin shafin a cikin na'urar yake. Zai nemi suna da kalmar sirri, waɗanda a rautoci da yawa "admin" ne duka biyun, in ba haka ba suna kan takardar. Yawancin kamfanoni suna da manhajar waya da ke yin wannan aikin, amma shafin ya fi cika.

Kalmar sirri biyu ce, kada a haɗa su. Ta farko ta shiga Wi-Fi, wadda za ka bai wa iyali. Ta biyu ta shiga shafin sarrafawa, wadda kai kaɗai ya kamata ka sani. Canza su duka a ranar farko. Idan ka bar ta biyun a "admin", duk yaron da ka bai wa ta farko zai iya shiga ya sauya komai, har ya kore ka daga na'urar da ka saya da kuɗinka. Da ka canza ta Wi-Fi, wayarka za ta yanke. Kada ka firgita, sake haɗawa za ka yi da sabuwar.

Ƙa'idar Wi-Fi ba ta karɓar kalmar sirri ƙasa da baƙi 8, amma kada ka tsaya nan, kai ta 12 ko fiye. Lambar wayarka, sunan ɗanka na fari, shekarar haihuwarka, 12345678, duk samarin unguwa za su gwada su kafin su gama shan shayi. Ɗauki kalmomin Hausa uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ka haɗa su da lambobi a tsakani. Ka guji baƙaƙe masu lanƙwasa irin ɗ da ƙ, domin wasu na'urori ba sa karɓarsu. A wajen zaɓen nau'in tsaro, zaɓi WPA2, wanda ake amfani da shi tun 2004, ko WPA3 na 2018 idan na'urorinka duk sababbi ne. Kada ka zaɓi WEP, an daɗe da gano yadda ake fasa shi cikin mintuna. Akwai kuma wani maɓalli mai suna WPS da ke haɗa na'ura ba tare da kalmar sirri ba. Tun 2011 aka bankaɗo rauninsa. Kashe shi daga shafin. Sunan Wi-Fi ɗin ma kada ka sa sunanka ko na gidanku, ba dole ba ne duk mai wucewa ya san daga ina yake fitowa.

Inda za a ajiye ta

Nan ne gidajenmu suka bambanta da waɗanda aka zana a jikin kwali. Masu ƙera rauta gidan ɗakuna a haɗe suke tunani. Namu kuwa zaure ne a gaba, sai soro, sai tsakar gida, ɗakuna a jere kowanne da ƙofarsa, turakar maigida a gefe. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye ƙarfin Wi-Fi, bulo da siminti mai rodi ma haka. Ƙarfe ya fi kowa: rufin kwano, ƙofar ƙarfe, firji, har da kabad mai jeren kwanuka da samiru a ɗakin amarya, duk suna mayar da shi baya. Ruwa ma yana tare shi, don haka kada a ajiye ta bayan randa ko tanki.

Wurin da za ka zaɓa sai ya biya bukata biyu: ya kama turke da kyau, ya kuma kai ga ɗakuna. Ɗaga ta sama, kamar tsayin kan mutum ko fiye, kusa da taga ko ƙofar da ke kallon inda turken yake, a ɗakin da ya fi zama tsakiyar gida. Rumfa ko baranda mai kallon tsakar gida takan fi ƙuryar ɗaki, muddin rana da ruwa ba za su taɓa ta ba. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, wannan zaɓin har rigima yake kashewa, domin idan aka sa ta a ɗakin ɗaya, ɗayar ta ga nata yana yankewa, ba za ka iya yi mata bayanin kaurin katanga ba.

Kada ka dogara da sandunan sabis da ke jikin na'urar. A cikin shafin sarrafawa, a wajen bayanan na'ura, rautoci da yawa suna nuna wata lamba mai suna RSRP, mai alamar ɗebewa a gabanta. Tsakanin -80 da -90 sabis mai kyau ne, wajen -100 matsakaici, daga -110 zuwa ƙasa kuwa wahala ce. Riƙa matsar da rautar daga taga zuwa taga kana duba lambar. Taku biyu kacal na iya sauya ta sosai. Idan ko'ina a cikin gida lambar ba ta gyaru ba, amma a kan katanga ko saman soro waya tana kama 4G, maganin shi ne eriyar waje a kan dogon ƙarfe, a juya fuskarta ga turke. Kebul ɗinta kada ya yi tsawo fiye da kima, domin ƙarfin yana raguwa a cikinsa. Kuma mai ɗaurawa ya yi mata hanyar sauke tsawa zuwa ƙasa. Ƙarfen da ya fi komai tsawo a gida da damina ba abin wasa ba ne.

Idan rautarka ta nuna sunaye biyu, ɗaya mai 2.4G ɗaya mai 5G, wannan 5G ɗin ba na kamfanin waya ba ne, zangon Wi-Fi ne na 5 GHz. Ya fi gudu amma ba ya jure katanga. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa gini, shi ne abokin gidan ƙasa. Ga babban gida mai sassa, ana iya ƙara rauta ta biyu a jawo mata kebul ɗin netwok daga ta farko, wanda yake aiki lafiya har mita 100. Wannan ya fi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a soket don ƙara nisa, domin ita takan rage gudu kusan da rabi.

Zafi ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40, ƙarƙashin kwano marar silin kuwa ya fi haka. Rautar da ta yi zafi takan rage gudu ko ta riƙa kashe kanta. Kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura, kada a sa ta cikin akwati. Da hunturu a riƙa goge ramukan iskarta da busasshen tsumma. Masu tsoron ko tana cutar da lafiya su kwantar da hankali: igiyar rediyo ce mai ƙaramin ƙarfi, kuma abin da ke isa jikinka daga rautar da ke can gefe bai kai na wayar da kake kara wa kunne ba.

Wuta

Duk mai zaune a yankin KEDCO ya san ba a gina shiri a kan wutar gwamnati kaɗai. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Abin daɗi shi ne rauta ba ta da ci. Duba jikin cajarta: idan an rubuta 12V da 1A, iyakar abin da za ta ja wat 12 ne, a aikace ma ba ta cika kaiwa haka ba. Ko ta kwana ta wuni a kunne ba ta shan sulusin yunit ɗaya na mita.

Saboda haka ba sai ka tada janareta dominta ba. Akwai ƙaramin batir da ake kira mini UPS, wanda ake sawa tsakanin soket da rauta: in akwai wuta yana caji, in an ɗauke ya ci gaba da riƙe ta ba tare da ta mutu ba. Mai ƙarfin 10,000mAh na gaskiya yakan riƙe ƙaramar rauta wajen awa huɗu zuwa biyar. Mai sola a gida ya huta. Sai dai idan za a ja mata wuta kai tsaye daga batirin sola, a sa abin daidaita wuta a tsakani, domin batirin da ake kira na 12V yakan haura 14V lokacin da rana ke cajinsa. Kada kuma a ɗauko kowace caja don bakinta ya shiga. Wata rautar 5V take so, wata 9V, wata 12V, kuma wadda aka bai wa fiye da ƙimarta ƙonewa take. Lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi da lokacin tsawa su ne suka fi kashe na'urori, don haka in hadari ya haɗo, a zare ta daga soket.

Data, maƙwabta da yara

Ƙorafin da ya fi yawa bayan wata na farko shi ne data ta ƙare kafin lokaci. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan ƙorafin ya ƙara zafi. Kafin a zargi kamfani, a san wani abu: waya tana ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin na banza. Da ta haɗu da shi sai ta hau sabunta manhajoji, ta tura hotuna ma'ajiyar Google, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka watsa a zaurukan da kake ciki. Kwamfuta mai Windows ta fi kowa, sabuntawa ɗaya na iya cin giga da yawa. Waya shida suna yin haka a dare ɗaya, da safe ka ga rabin data ta tafi. A kowace wayar Android da kowace kwamfuta, shiga bayanan Wi-Fi ɗin ka mayar da shi "metered", wato mai awo. A WhatsApp kuma a hana bidiyo saukar da kansa.

Bidiyo shi ne babban mai ci. Kallon YouTube na awa ɗaya a 480p yana cin kimanin rabin giga, a 1080p kuwa yakan kai giga 2 ko fiye, alhali a fuskar waya bambancin kaɗan ne. Tsarin da ake tallatawa da sunan marar iyaka kuma, yawancinsa yana da ƙa'ida a ciki: idan ka kai wani adadi, sai a rage maka gudu. Tambayi adadin kafin ka biya. Tun 2023 lambobin kamfanoni iri ɗaya ne: *312# na sayen data, *323# na duba saura, *310# na duba kuɗin kira. Wasu rautocin suna da wurin danna su a cikin shafinsu, sauran kuma ta manhajar kamfani ake yi.

Sai maganar maƙwabta. Wi-Fi bai san iyakar gida ba, yana tsallake katanga ya isa dakalin ƙofar gida inda majalisa ke zama. Kuma tun daga Android 10, duk wayar da ta haɗu tana iya nuna wani hoton murabba'i mai ɗigo-ɗigo wanda wata wayar za ta ɗauka ta shige ba tare da an faɗi kalmar sirri ba. Ka ba mutum ɗaya, ka ba goma ke nan. Akwai kuma manhajojin da ke alkawarin buɗe Wi-Fi kyauta, waɗanda da yawansu kalmar sirrin gidan wanda ya sauke su suke kwashewa su raba wa wasu. A hana yara sauke su.

Ba ina cewa a yi rowa ba. Haƙƙin maƙwabtaka yana nan, kuma ɗan maƙwabcin da ke shirin JAMB, wadda a kwamfuta ake rubuta ta, ko wanda ke karatu a jami'ar Wudil ya dawo hutu da aikin makaranta, ya cancanci taimako. Amma kyauta da sani ta bambanta da ɗiba a ɓoye. Rautoci da yawa suna ba da damar buɗe suna na biyu na baƙi, mai kalmar sirrinsa daban, wanda za ka iya kashewa ko canzawa ba tare da ka taɓa na iyali ba. Yi amfani da shi. Sau ɗaya a mako ka leƙa jerin na'urorin da ke haɗe. Idan ka ga baƙuwa, kada ka wahalar da kanka da toshe ta, domin wayoyin yanzu suna iya sauya lambar shaidarsu su dawo. Canza kalmar sirri kawai. Ka tuna layin da sunanka da NIN ɗinka yake, duk wanda ya yi damfara ta cikinsa, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Ga samari kuma: shiga na wani ba da izininsa ba cin haƙƙi ne, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana kutse cikin na'urar da ba a ba ka izini ba.

Yara kuwa, ra'ayina shi ne gidan da ya sa Wi-Fi ya sa masa lokacin barci. Rautoci da yawa suna da tsarin kashe shi da kansa a sa'ar da ka zaɓa, ko hana wata waya shiga daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Wadda ba ta da shi, maɓallin kashewa yana nan. Yaron da ya kai ƙarfe biyun dare a kan waya, malaminsa na boko da na allo duk za su gani a idonsa da safe.

Idan ta ƙi aiki

Koma ga zangunan nan biyu na tafiyar intanet. Idan waya ba ta ganin sunan Wi-Fi ko ta kasa haɗuwa, matsalar a cikin gida take: wuta, nisa, ko kalmar sirri. Idan ta haɗu amma shafi ba ya buɗewa, duba sauran data, sannan ka duba wata wayar mai layin kamfani ɗaya ko ita ma ta tsaya. In ta tsaya, daga kamfani ne, ko man turke ya ƙare ko masu aikin titi sun tsinke faiba. Wani lokaci ma abin ya fi haka nisa: ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da ayyukan bankuna suka rikice a Nijeriya na kwanaki. A irin wannan rana taɓa rauta ɓata lokaci ne.

In ba ɗaya daga cikin waɗannan, zare ta daga wuta, ƙirga talatin, mayar. Wannan kaɗai yana warkar da yawancin ciwonta. Ɗan ramin nan da aka rubuta Reset a gefensa kuwa, a bar shi sai an manta kalmar sirrin shafi. Danna shi da tsinke na kimanin daƙiƙa 10 yana goge duk abin da ka saita, ya mayar da ita kan suna da kalmar sirrin da ke jikin takarda, sai ka sake komai daga farko.

Idan kuma ka tabbata an cire maka kuɗi ba a ba ka data ba, ko sabis ɗin garinku ya mutu kwana da kwanaki, kira 300, lambar kula da masu hulɗa ta kowane kamfani, ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta ta. Idan ba su gyara ba, kira 622, layin hukumar NCC, ka ba su wannan lambar. Kiran kyauta ne, kuma haƙƙinka ne, ko a Gaya kake ko a Ajingi.